'Yan tsana, hoto-hoto ko zanen hannu: wanne zaka fara tarawa in kana Kano?

Duk wanda ya ce zai fara tara finafinan almara na yara, ina nufin waɗanda suka bauɗe daga hanyar da aka saba ta gimbiya da waƙa da biki a ƙarshe, abu na farko da zai gane shi ne aljihunsa ba zai iya bin kowanne layi ba. Dala ta hau, kuɗin aiko kaya daga waje wani lokacin ma ya fi kuɗin faifan kansa, kuma yanzu a Kano ba shago zaka shiga ka tarar da su a jere ba. Ƙofar Wambai da Bata da aka sani da cinikin kaset da faifai a da, harkar ta koma cikin waya, kowa sai dai ya je wajen masu turi a zuba masa a memori ya kama gabansa. To dole mutum ya zaɓi layi ɗaya ya fara da shi, ni kuma a ganina layi uku ne suka cancanci a tsaya a auna su: finafinan 'yan tsana na shekarun 1980, da waɗanda ake ɗauka hoto-hoto ana motsa 'yar tsana kaɗan-kaɗan, sai kuma zanen da ba na Disney ba.

Wani zai ce ai duk suna intanet, meye na wahalar sayen faifai. Ba kullum suke nan ba fa. A watan Mayun 2023 Disney ta cire shirin Willow daga manhajarta, wata shida ma bai cika da fitowa ba, kuma ba su buga shi a faifai ba, shikenan wanda bai kalla ba sai dai ya bi ta bayan fage. Mu nan ma mun ga irinta, finafinan Hausa na farkon shekarun 1990 da suka fito a kaset da yawansu yau ko cigiya ka bayar da ƙyar ka samu mai kwafi mai kyau, saboda lokacin ba wanda ya ɗauka abin adanawa ne.

Bari na fara da 'yan tsanar 1980 don nan ne masu tarawa suka fi zaucewa. The Dark Crystal na 1982, wanda Jim Henson da Frank Oz suka yi, babu fuskar ɗan adam ko ɗaya a cikinsa daga farko har ƙarshe, duk halittu ne aka ƙera da roba da gashi da tsumma mutane suna ciki ko suna ƙasa suna motsa su, kuma miyagun ciki wasu irin tsofaffin ungulaye ne masu tsotse ran ƙananan halittu su sha. An ce na yara ne amma wallahi babba ma sai ya gyara zama. Bayan shekara huɗu Henson ya sake yin Labyrinth, 1986, labarin yarinyar da rainon ƙaninta ya ishe ta ta yi fatan dodanni su zo su ɗauke shi, suka kuwa zo, aka ba ta awa 13 ta kwato shi. An kashe wajen dala miliyan 25, abin da ya dawo a sinimun Amurka wajen miliyan 13 ne kawai, wato ya faɗi warwas. Sai da ya fito a kaset yara suka dinga maimaita shi a gida sannan ya yi suna. Wannan shi ne sirrin layin nan, wasunsu finafinai ne da sinima ta ƙi su gida ya karɓe su, shi ya sa waɗanda suka taso da su suke jin kamar nasu ne su kaɗai.

Kuma aikin hannu ne da ido yake gani. Ƙwallon gilashin nan da David Bowie, mawaƙin da ya fito a sarkin dodannin, yake juyawa a Labyrinth ba hannunsa ba ne, wani gwanin wasan ƙwallo ne Michael Moschen ya tsuguna a bayansa ya zuro hannu yana yi ba tare da yana ganin abin da yake yi ba. Irin waɗannan labaran ne ake samu a ƙarin bayanan da ke cikin faifai na orijina, wanda mai turi ba zai taɓa zuba maka ba. Su kansu 'yan tsanar ma robarsu ruɓewa take, ɗaya daga cikin manyan na Labyrinth ɗin, Hoggle, a cikin kayan matafiya da suka ɓata aka tsince shi a wani shago a jihar Alabama fuskarsa duk ta zagwanye sai da aka yi masa gyara. Kaga kenan fim ɗin ne shaidar da ta fi daɗewa.

Amma a nan ne mutane suke kashe kuɗi a inda bai kamata ba. Waɗannan biyun na Henson ba su da wuyar samu ko kaɗan, an buga su an sake bugawa, DVD da Blu-ray (faifan da ya fi DVD kyan hoto) har 4K, duk zagayowar shekara sai an canza musu kwali an ce sabon fitowa ne. Ba gudu za su yi ba. Wanda yake da wuya shi ne Return to Oz na 1985, fim ɗaya tilo da Walter Murch ya ba da umarni a rayuwarsa. Disney ce ta yi shi amma kamar kunyarsa take ji, an kashe wajen miliyan 28 ya dawo da 11, iyaye suka yi ta ƙorafi don a farkon fim ɗin ma an kai yarinyar labarin, Dorothy, asibiti ne za a jona mata lantarki a ka, can gaba kuma ga wata gimbiya mai ɗaki cike da kawunan mata a kabad tana cire wannan ta saka wancan. Blu-ray ɗinsa a 2015 'yan kulob ɗin Disney kawai aka sayar wa, kulob ɗin kuma an rufe shi a 2024. In ka ga wannan a farashin da hankali zai ɗauka kar ka tsaya shawara. Haka The NeverEnding Story na 1984 wanda aka yi a Jamus ta Yamma, shi kala biyu ne, na Jamusanci ya fi wanda duniya ta sani tsawo da 'yan mintuna kuma kiɗansu ma ba ɗaya ba ne, to mai tarawa na gaske duka biyun yake nema. Marubucin littafin da aka ɗauko labarin, Michael Ende, bai so fim ɗin ba sam har ya nemi a cire sunansa.

Matsalar layin nan a gidan Bahaushe ita ce, tarin naka ne kai baba, ba na yaran ba. Yaron da ya saba da katun ɗin waya mai gudu zai ga abin yana tafiyar hawainiya, ga Turanci mai yawa, wanda kuma bai kai shekara goma ba wurin da doki yake nutsewa a taɓo a NeverEnding Story kaɗai ya isa ya hana ku barci ranar. Sannan Labyrinth akwai waƙe-waƙe, ga kuma shigar da sarkin dodannin ya yi, wandon nan dai in Hajiya tana falo sai ka nemi rimot.

Na biyu, hoto-hoto. Yadda ake yi shi ne a ajiye 'yar tsana a ɗauki hoto ɗaya, a ɗan matsa hannunta kaɗan a sake ɗauka, haka haka har a haɗa, daƙiƙa ɗaya ta fim hoto 24 ce, in ka lissafa fim na minti 90 ya haura hoto 129,000 ko da dai akan maimaita wasu sau biyu. Kakan wannan sana'a a wajen yawancin masu kallo shi ne Ray Harryhausen, wanda ya yi dodannin The 7th Voyage of Sinbad a 1958, da faɗan ƙwarangwal bakwai a Jason and the Argonauts na 1963, faɗan 'yan mintuna amma ya ci masa sama da wata huɗu shi kaɗai. Wannan ɓangaren na tsofaffi yana shiga ran mutanenmu da wuri don Sinbad ba baƙo ba ne a wajenmu, aljani a fitila, tsuntsu mai kai biyu, jirgin ruwa, yaro ko bai jin kalma ɗaya zai bi labarin. Wani kamfani a Ingila, Indicator, ya fitar da su a akwati-akwati masu adadi ƙayyadadde a 2017, irin waɗannan in suka ƙare sai a hannun gwanjo kuma farashi sai yadda mai shi ya ga dama.

Na zamani kuma kamfanin Laika ne ke riƙe da tuta. Coraline, 2009, Henry Selick ya yi, yarinya ta sami wata ƙaramar ƙofa a sabon gidansu ta shiga ta tarar da wata uwa irin tata sak, ta fi tata fara'a da iya girki, sai dai idanunta maɓallan riga ne kuma so take ta ɗinka wa yarinyar irinsu. Ni ban ga abin da ya raba wannan da tatsuniyoyin da kakanninmu suke mana ba, na kishiyar uwa da mayya da Dodo mai haɗiye 'yan mata, mu da aka raina da waɗancan bai kamata mu ce wannan ya yi duhu da yawa ba. Rigunan sanyin da 'yar tsanar take sawa da hannu aka saƙa su da allurai sirara kamar gashi, fuskokinta kuma dubbai aka buga da na'ura ana cirewa ana sawa. A Kubo and the Two Strings na 2016 sun ƙera ƙwarangwal mai tsawon ƙafa 16. To irin wannan aikin a waya asara ne, a memori da aka matse fim ɗin ya koma megabait ɗari uku ba abin da zaka gani sai inuwa. Duk cikin layukan uku wannan ne kuɗin Blu-ray yake fitowa a ido, zaka ga zaren rigar, zaka ga ƙurar kan tebur.

Wajen daraja a hannun masu tarawa kuwa tsaka-tsaki ne. Faifan gama-gari yana nan da yawa kuma da araha, abin da ke tsada shi ne na kwalin ƙarfe da masu ɗan littafi a ciki, su ake bugawa kaɗan. Kwalin ƙarfen nan kuma sai ka yi tunani, kafin ya iso Kano daga Turai ya sha jifa a hanya, in ya lotsa ko kaɗan rabin darajarsa ta tafi, damina kuma in ɗaki yana da danshi tsatsa zai fara daga gefe.

Na uku shi ne zane. Kowa zai fara ce maka finafinan kamfanin Ghibli na Japan, kuma gaskiya ne suna da kyau, My Neighbor Totoro na 1988 ko ɗan shekara huɗu zaka zaunar ya kalla hankalinka kwance, Spirited Away na 2001 har Oscar ya ci a 2003, sai dai ka shirya amsa tambaya don iyayen yarinyar aladu suka koma kuma gidan wankan da take aiki na iskoki ne da abubuwan bautarsu na can. Amma a matsayin abin tarawa ni ban ga gaggawa ba. Tun 2020 suna Netflix a ƙasashe irin namu, faifansu kuma ba ya yankewa a kasuwa. Wanda ya yi nisa a harkar ne zai tsaya neman irin DVD ɗin Japan na 2002 na Spirited Away da ya fito da ja-ja a hoton har masu saye suka yi ta ƙorafi, wannan sai wanda ya gama da komai.

Inda nake so mutumin Kano ya duba da kyau shi ne wasu guda uku da ba a cika maganarsu ba. The Adventures of Prince Achmed, wata Bajamushiya Lotte Reiniger ta gama shi a 1926, shi ne dogon fim ɗin katun mafi tsufa da ya rage a duniya, ya girmi Snow White na Disney da shekara 11. Da almakashi ta yanka kwali da fallen darma ta yi mutane da dawaki da aljanu, inuwarsu kawai kake gani a kan haske mai launi, shekara uku ana yi. Labarin daga Dare Dubu da Ɗaya aka ɗauko, doki mai tashi sama, Aladin da fitilarsa, tsibirin Waƙ-waƙ. Ba magana a ciki sai kiɗa da ɗan rubutu nan da can, to babu maganar yaro bai jin Turanci, kai ne zaka zauna kana ba su labarin da Hausa yadda ka ga dama. Asalin fim ɗin ya salwanta, daga wani kwafi da aka adana a Landan aka farfaɗo da shi, cibiyar finafinan Ingila BFI ta buga shi a faifai. Abu ɗaya da zai ɗan sosa maka rai, mugun bokan ciki ɗan Afirka aka ce, kuma an zana shi irin yadda Turawan wancan zamanin suke zana mu.

Sauran biyun na Michel Ocelot ne, Bafaranshe da ya yi yarintarsa a Gini. Kirikou na 1998 daga tatsuniyoyin Afirka ta Yamma ya samo shi, kiɗan Youssou N'Dour ne, jariri ne da ya yi magana tun yana ciki ya fito da kansa, kowa a ƙauyen yana tsoron mayya Karaba shi kuma tambayarsa ɗaya ce, me ya sa take mugunta, ashe ƙaya ce aka soka mata a gadon baya take cinta dare da rana. Labari ne mai kyau ƙwarai amma matan ƙauyen an zana su ba riga, yaron kuma tsirara, wannan ne ma ya sa ya sha wuya kafin ya shiga kasuwar Amurka da Ingila, to a nan Kano kai ka san gidanka, ni dai a kan kanta ta sama nake ganin ya dace ya zauna. Azur et Asmar na 2006 shi ba wannan matsalar, da kwamfuta aka yi shi amma kamar zanen littafi yake, yara biyu da suka sha nono ɗaya, ɗan Bature da ɗan mai rainonsa Balarabiya, suka girma suka tafi neman sarauniyar aljanu. Gine-ginen ciki da zayyanar bango da kasuwanni duk na ƙasashen Magrib ne, kuma da gangan ya bar Larabcin da ake yi a ciki ba fassara don mai kallo ya ji yadda baƙo yake ji, yaranmu 'yan Islamiyya kuwa sai ka ji suna tsinto kalmomi suna murna.

Irin waɗannan ƙananan kamfanoni ne suke buga su, ba yawa, in suka ƙare ana iya shekaru ba a sake ba. Kuma su ne zaka iya kunnawa a falo ranar Juma'a da yamma kowa ya zauna. Shi ya sa in ni za a tambaya, mai ƙaramin ƙarfi da yake son tarin da zai yi daraja kuma a more shi, ya fara da Prince Achmed da Azur, ya ƙara da Sinbad na Harryhausen, sannan Coraline in yaran sun ɗan tasa. Wanda kuma shi don kansa yake yi, ya taso da finafinan 1980 yana son ya dawo da su, ya fara farautar Return to Oz da NeverEnding Story na Jamus ya bar na Henson zuwa ƙarshe. Harkar kamar kiwon tattabaru ce, ba yawansu ake kallo ba, wacce kala gare ka da babu a unguwa.

Saura maganar a wane mazubi zaka saya, nan ma ana tafka asara. Kaset yana da kwarjini a kan kanta, kwalinsa babba zanensa na da, amma a garin da zafin Afrilu yake haura digiri 40, hunturu ya zo da ƙura damina ta zo da fumfuna, zaren kaset ba ya jurewa. Injin bidiyon ma kamfani na ƙarshe da ke ƙera shi, Funai na Japan, ya daina tun 2016, sai dai na gwanjo a Sabon Gari in an dace, kuma kaset ɗin Amurka tsarin NTSC ne mu kuma PAL muke, in injinka ba mai cin duka ba ne hoto zai yi ta rawa ko ya fito fari da baƙi. Kar kuma a ruɗe ka da labarin nan da ke yawo cewa tsofaffin kaset ɗin Disney masu tambarin baƙin lu'ulu'u miliyoyi suke, an buga su da yawan gaske, farashin da wani ya rubuta yana nema daban, wanda aka saya daban. Ka sayi kaset ɗaya ko biyu don ado in kana so, amma ba a gina tari a kansa a Kano.

DVD shi ne mai sauƙi, araha ne kuma injinan da ke kasuwarmu yawanci ba sa zaɓen faifai duk da a ƙa'ida Najeriya yanki na 5 take, Amurka na 1, Ingila na 2. Blu-ray kuma ya fi tsanani, haruffa ne, Amurka da Japan A, Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya B. Wato mu da Ingila layinmu ɗaya, faifan da aka sayo a Landan ko Faransa ko Jamus zai yi a injin da aka sayar don yankinmu, har da PlayStation ɗin yara in mai cin faifan Blu-ray ne, na Amurka kuwa in an kulle shi sai dai ka yi ta kallon kwali. Faifan 4K shi ba ruwansa da yanki amma injinsa da talabijin ɗinsa wani kuɗin ne, ni ban ga dalilinsa ga mai farawa ba. In kuma injin zaka sa a taho maka da shi daga Amurka ka tuna wutarsu 120 ce tamu 230, ka duba bayansa kafin ka jona.

Na jabu kuma ba wuyar ganewa, duk faifan da aka ce fim goma ko ashirin ne a ciki ba abin ajiya ba ne, haka wanda ka juya bayansa ka ga ruwan shanshanbale maimakon ruwan azurfa yawanci a kwamfuta aka ƙona shi, rubutun kwalin ma zaka ga ya yi dishi-dishi. Faifai a tsaye ake jera shi ba a kwance ba, nesa da taga, kuma kar a bar shi a mota ko na awa ɗaya ne da rana.

In ɗan'uwa ne zai taho maka da su daga waje, wanda shi ne ya fi sauƙi a kan aikowa ta kamfani da biyan kwastan, ka ce masa kafin ya biya ya ɗauko maka hoton bayan kwalin ya turo ta WhatsApp. A nan zaka ga harafin yanki, da tsawon mintunan fim ɗin don ka san wane kala ne, da jerin harsunan da ke ciki, don bugun Faransa na finafinan Ocelot da na Jamus na NeverEnding Story ba kowanne ne yake zuwa da Turanci ba ko a rubuce.